Yaron Bakin Iyaka Ba Shi da Aku

A ƙasan akwatina akwai wani littafin rubutu mai shafi arba'in, bangonsa ya sha mai da gumi har ya koma kamar takardar da aka naɗe ƙosai. Ba nawa ba ne. Na wani yaro ne ɗan garinmu Sharabi, wanda na koyar da shi Hausa a aji uku na ƙaramar sakandare. Ba zan kama sunansa ba, don mahaifiyarsa na nan da ranta, kuma ƙauye ba ya mantuwa.

Cikin hunturun farkon 2020 na ba ajin aikin insha'i, na ce kowa ya rubuta labarin daren da ba zai manta ba. Yawancinsu suka kawo mini daren Sallah ko daren bikin wata yayarsu, shafi ɗaya da rabi, an cika shi da "bayan haka" da "daga nan sai". Shi kuwa shafi shida ya kawo. Ya ba da labarin daren da aka fara ba shi babur shi kaɗai, aka ɗaure masa jarka shida ta fetur, biyu dama, biyu hagu, biyu a baya, aka ce ya bi ayari zuwa tsallaken iyaka. Ba a kunna fitila. Ƙarar babur ɗin da ke gabanka ita ce idonka. Ya faɗi yadda murfin jarka ɗaya ya saki, man ya riƙa tsiyaya a cinyarsa, sanyi na cinsa ta sama, fetur na cinsa ta ƙasa. Ya faɗi yadda na gabansa ya auka wani kwazazzabo, shi kuma ya kauce ya wuce, domin ogansu ya riga ya ja musu kunne cewa wanda ya faɗi ya faɗi, ba a tsayawa. Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ya ce: "Ni dai ban ji tsoro ba sai da munka sauke kaya, sannan ƙahwahuna sunka hwara rawa." Da gari ya waye aka ba shi naira dubu biyu. Ya sayo wa mahaifiyarsa sabulu da kwanon gero, ya sayo wa ƙanwarsa silifa, ya wanke cinyar da ta saluɓe, ya sa kayan makaranta ya zo aji.

Ga abin da ni da ake kira malam na yi. Na ɗauki jan biro na mai da "munka" ya zama "muka", na mai da "hwara" ya zama "fara". A ƙasa na rubuta masa cewa fasa-ƙwauri laifi ne, ya ji tsoron Allah ya mai da hankali ga karatu. Na ba shi huɗu bisa goma. Na riƙe littafin da niyyar nuna wa shugaban makaranta, sai sha'ani ya sha kaina. Cikin watan Maris aka rufe makarantu saboda korona. Da aka buɗe, wurin zamansa ba kowa.

Na daɗe ina tuhumar kaina a kan jan biron nan, har na gane ba ni na ƙirƙiro wannan hali ba, gadonsa na yi. Abin da na yi wa yaron shi ne abin da ƙagaggun labaranmu na Hausa suka daɗe suna yi wa irinsa. Da ya buɗe baki zai ba da labarinsa, sai mu tare shi da wa'azi. Ra'ayina ke nan a wannan rubutu: muna bukatar littattafan Hausa da aka rubuta domin matasa 'yan shekara goma sha uku zuwa sha tara, waɗanda yaro irin wannan ne zai yi magana a cikinsu da bakinsa, a bar shi ya kai aya kafin a yanke masa hukunci.

Wanda bai san yankinmu ba yana iya zaton 'ya'yan banza nake ba wa kariya, don haka bari in ɗan bayyana ƙasar. Ƙaramar hukumar Bagudo tana jingine da Jamhuriyar Benin. Ka bi ta Tsamiya ka faɗa Segbana, ka bi ta Lolo ka doshi Madekali da babbar kasuwar Malanbil. Layin da Ingila da Faransa suka ja ya ratsa gonaki da dangi, ta yadda mutum zai yi sallar asuba a ƙasar naira, ya je ta'aziyyar gwaggonsa a ƙasar sefa, ya dawo kafin la'asar. Yaron da ya tashi a nan ya ga kakansa na ƙetarawa da buhu, ya ga babansa na ƙetarawa da buhu, kafin wani ya gaya masa abin yana da suna a dokar ƙasa. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin tudu, a watan Nuwamba kuma kwastan suka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Manyan motoci suka tsaya, sai harkar ta koma kan babura da hanyoyin daji, kuma mai harka ya san yaro ɗan shekara sha biyar ya fi arha, ya fi sauƙin nauyi a kan babur, ya kuma fi ƙarancin tambaya. Daminar 2020 ambaliya ta shanye shinkafar Kebbi, gidajen da suka ci bashi suka noma fadama suka tashi hannu rabbana. A ƙarshen Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kuɗin lita ya kusa ninkawa uku, ribar jarka ta ragu, injin ban-ruwa ya zama sai mai hali. Yaron da ya riga ya ɗanɗana kuɗin dare ba ya komawa gona cikin daɗin rai. Wani ya koma ɗaukar ƙwaya, wani ya nufi ramin zinariya, wani ya zama kunnen mutanen daji a cikin gari. A Nuwamban 2024 'yan bindigar Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, nan cikin jiharmu, kuma kowa ya ji rahotannin yadda suke jan matasa da kuɗi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da yawa. Ni dai na san fuskokin arba'in daga cikinsu duk shekara, suna zaune a gabana, wasu a kan benci wasu a ƙasa.

Sai batun uba. Ci-rani tsohuwar al'ada ce mai mutunci. A da, mutum kan tafi bayan an kai amfanin gona rumbu, ya dawo da ruwan farko, da turmin atamfa da kuɗin iri. Yanzu tafiyar ta daina bin damina. Mahaifin yaron nan ya tafi Legas tun yana aji huɗu na firamare. Shekarar farko ya riƙa aiko da kuɗi, ta biyu ya riƙa kira ba aike, ta uku layin ya daina shiga. Hausa tana da "maraya" ga wanda ubansa ya rasu, tana da "agola" ga wanda ya bi uwa gidan wani miji. Wanda ubansa ke raye amma wayarsa a kashe fa? Iyaka a ce "ubanshi na kurmi", a wuce. Maraya ana shafa kansa, ana tuna shi ranar Sallah. Wannan kuwa ba ya cikin lissafin kowa, domin a bakin mutane yana da uba. Kuma ba ci-rani kaɗai ke ɗauke uba ba. Akwai sakin da ke watsa 'ya'ya gidajen kakanni. Akwai yaron da shi ne aka ɗora a mota aka kai wani gari almajiranci yana ɗan shekara bakwai. Akwai uban da ke kwana cikin gidan kullum, amma ya kasa faɗin ajin da ɗansa yake.

To, me adabinmu ya yi da wannan yaro? Ba zan yi wa magabata butulci in ce ba su gan shi ba. Tun littattafan farko da suka fito daga Zariya a shekarun 1930, zamanin Rupert East, yana nan. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin yaro ne da ya rasa uba, aka sace shi, aka raba shi da uwarsa, ita kuma ta ƙare rayuwarta a nemansa. Amma mai ba da labarin dattijo ne, shaihin malami da ke zaune a tsakiyar almajiransa, wanda ƙuruciyar ta zame masa abin tunawa. A Jiki Magayi na John Tafida da East, Kyauta ya tashi ɓarawo har ya kai ga kashe mahaifinsa ba da sani ba, amma dalilin lalacewarsa sammu ne da wani ya yi don ramuwa. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi saurayin da ya bar ƙauye ya shiga birni ya faɗa hannun miyagu. A farkon shekarun 1980 Sulaiman Ibrahim Katsina ya kawo Turmin Danya, wanda ya tona harkar fasa-ƙwauri da cin hanci, amma ido na kan Alhaji Gabatari ne, mai gayya mai aiki. Bature Gagare ya kawo Ƙarshen Alewa Ƙasa da Mailoma da rundunarsa ta 'yan ta'adda. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, inda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, kuma har yau ban karanta littafin da ya fi shi nuna yadda uba ke ɓacewa yana cikin gari ba. Duk da haka labarin uwar ne, 'ya'yan na bayanta.

Ku sake duba sunayen littattafan nan. Jiki magayi. Kitsen rogo. Ƙarshen alewa ƙasa. Alhaki kuykuyo. Karin magana ne kusan duka, kuma kowanne hukunci ne da aka riga aka yanke a bango tun kafin a buɗe shafin farko. Wannan ba aibi ba ne a wurin manya, haka muke son magana. Amma ɗan shekara sha biyar yana jin ƙanshin nasiha tun daga nesa, kamar yadda akuya ke jin ƙanshin ruwan sama, kuma ya san inda zai fake. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, soyayya da zaman aure suka cika rumfuna, kuma ban ga laifin hakan ba, domin su suka koya wa dubban mata karatun boko a ɗakunansu. Sai dai a yawancinsu ɗan daba kayan aiki ne. Ana hayarsa ya tare yarinya a lungu, jarumi ya zo ya kore shi, shi ke nan an gama da shi. Ba mu san wa ya haife shi ba, ba mu san ko ya karya kumallo ba. Alhali a waje, kowane gari ya raɗa masa suna: 'yan daba a Kano, ƙauraye a Katsina, sara-suka a Bauchi, kalare a Gombe, 'yan shila a Yola. Sunan taro muke da shi, na mutum ɗaya ne babu.

Abin da ke ci mini rai shi ne 'yan arewa sun rubuta irin littafin da nake nema, amma da Turanci. Elnathan John ya rubuta Born on a Tuesday, inda Ɗantala, almajirin da ya faɗa cikin yaran gindin kuka masu yi wa 'yan siyasa aikin banga, ke ba da labarinsa da bakinsa, daga Bayan Layi har Sakkwato. Abubakar Adam Ibrahim ya rubuta Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, kuma Reza na cikinsa, shugaban 'yan daba mai sayar da wiwi, yana yawo ne da ciwon uwar da ta tafi ta bar shi. Tun kafin su, Mohammed Sule ya yi wa matasa rubutu a jerin Pacesetters a ƙarshen shekarun 1970. Waɗannan littattafai sun kai Landan, an yi muhawara a kansu a jami'o'i. Ɗantala na gaskiya, wanda ke zaune a ajina, ba zai iya wuce shafi biyu ba, kuɗin littafin kuma ya fi abin da ake biyansa a dare guda. A Nijar, Aisha Macky ta ɗauki kyamara ta shiga unguwar Kara-Kara a Damagaram, ta fito da fim ɗin Zinder a 2021, inda 'yan ƙungiyoyin unguwa ke magana da Hausarsu, har da mai safarar fetur daga iyaka. Ta nuna ana iya yi da harshenmu, kuma ba a rasa mutunci don an saurare su.

Akwai wani littafi na Amurka da ya sa na ji kunyar kaina fiye da kowanne. The Outsiders ya fito a 1967, kuma wadda ta rubuta shi, S. E. Hinton, ta fara shi ne tana 'yar sakandare a garin Tulsa. Mai ba da labarin yaro ne ɗan shekara 14, iyayensa sun mutu a haɗarin mota, yayansa ke riƙe da gidan, abokansa 'yan ƙungiyar unguwar talakawa ne. A ƙarshe sai mai karatu ya gane cewa littafin gaba ɗaya insha'i ne da malamin yaron ya sa shi ya rubuta don kada ya faɗi darasi. Malaminsa ya ce masa rubuta. Ni na ce wa nawa huɗu bisa goma.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a ɗakin malamai. Na farko, wai mai jin yunwa tuwo yake nema, ba littafi ba. Gaskiya ne, kuma ba na da'awar labari zai rage kuɗin taki ko ya dawo da uba daga Legas. Wannan aikin gwamnati ne da masu hali da iyaye, kuma bashi ne a wuyansu. Amma duk wanda ya zauna da yaran nan ya san oga ba da kuɗi kaɗai yake biya ba. Yana ba yaro laƙabi. Yana dafa kafaɗarsa a gaban mutane ya ce wannan namiji ne. Yana ba shi labarin da shi ne gwarzo a ciki, kwastan da 'yan sanda ne azzalumai, malamin makaranta kuma wawa ne mai jiran albashi. 'Yan bindiga na baje kuɗi a TikTok, yara na kallo a shagon cajin waya. Wato ana ba yaranmu labari kowace rana, mu ne kawai muka janye daga fagen.

Nan ne nake tuna Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya fara fitarwa a 1937. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri na ƙulla masa makirci a waje, zuciyar yaro na tunzura shi ya fita. Me ya tsare shi? Aku, da labari bayan labari, har gari ya waye. Imam ya san abin da muka manta, cewa ƙofa da dogari ba sa riƙe matashin da zuciyarsa ta riga ta fita, sai abin da ya fi waje daɗin saurare. Sai dai Musa ɗan sarki ne. Mahaifinsa ya tafi ya bar masa aku. Mai ci-rani ya tafi bai bar kowa ba, kuma abin da ke kiran ɗansa da tsakar dare hon ɗin babur ne a bayan danga.

Na biyu, ana cewa irin wannan littafi zai koya wa yara ɓarna. Wannan tsoro tsoho ne, shi ya kai ga ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007, zamanin shirin A Daidaita Sahu. Ina girmama damuwar iyaye, amma a yi mini adalci: wane yaro ne a Bagudo ke jiran littafi ya koya masa ɗaurin jarka? Wannan ya iya tun kafin ya iya haɗa baƙi. Abin da bai sani ba shi ne abin da ke biyo baya, wanda oga ba ya faɗa. Yadda uwar wanda ya auka kwazazzabo ke tsayawa bakin ƙofa duk asuba. Yadda tramol ke fara zama maganin gajiya, ya ƙare ya zama ubangida. Yadda ranar da aka kama ka, wayar oga ma takan daina shiga, kamar ta babanka. Labarin da ya faɗi gaskiya duka, da daɗin kuɗin da ɗacinsa, ya fi wa'azi tsoratarwa, domin yaro ya san ba a yi masa ƙarya a rabin farko ba, sai ya yarda da rabi na biyu. Mu da muka tashi da Suratu Yusuf bai kamata mu ji tsoron wannan ba. Yaro ne 'yan'uwansa suka jefa a rijiya, aka sayar da shi, aka raba shi da mahaifinsa, ya shiga fitina, ya shiga kurkuku, kuma ba a ɓoye mana makircin ko hawayen ba. Muna karanta wa 'ya'yanmu ita tun suna ƙanana.

Na uku, masu buga littafi na cewa samari ba sa saye, mata ne kasuwa. Su suka san aljihunsu. Amma rashin saye daban, rashin son labari daban. Ku je shagon mai tura finafinai ranar kasuwa ku ga layin samari, kowa da mimorinsa, ana zuba masa fassarar Indiya da Labarina da Daɗin Kowa. Ku ga yadda ake sauraren littattafan da ake karantawa a YouTube, waya ɗaya mutum shida. Yaron da bai iya karatu sosai ba yana da kunne. In an rubuta labarin, a karanta shi a rediyo, a yanka shi minti goma-goma a tura ta WhatsApp, zai isa Kaoje da Illo da Zagga kafin motar littattafai ta bar Kano. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa da zarar an buɗe ƙofa, marubutan da ba a san da su ba sukan fito daga lunguna. Me zai hana ma'aikatar ilimi a Birnin Kebbi, ko ƙungiyoyin marubuta, ko wani attajirin shinkafa mai son a tuna shi da alheri, su sa gasar gajeren labari ga 'yan sakandare, a ce kowa ya rubuta abin da idonsa ya gani, a kuma yi alkawarin ba za a kai kowa ofishin shugaban makaranta ba?

Ga marubutanmu kuwa ina da roƙo, roƙon mai koyarwa da ke neman abin da zai shiga aji da shi. Ku bar yaron ya yi magana da kansa, kuma da irin Hausarsa. In ɗan Kabi ne, ya ce "munka" da "shina", ya jefa Zabarmanci ko Fulatanci inda ya saba jefawa. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta a jarrabawa, amma tsoro da yunwa da karin harshen gida suke fita. Ku sa farashin abubuwa, kwanon gero nawa, hayar babur nawa, cin hancin shinge nawa, domin talauci lissafi ne da ake yi tun daga asuba. Kada ku kashe shi a shafin ƙarshe don ku huce, kada kuma a wayi gari a gano ashe ɗan wani hamshaƙin Alhaji ne da aka musanya a asibiti. Yawancin yaran nan ba sa mutuwa a fagen fama, ba sa kuma gadon bene. Girma suke yi da tabo, su yi aure, su haifi wasu. Uban ma kada ku mai da shi shaiɗan. Ku bi shi Legas ku same shi kwance a bakin shagon da yake gadi, yana duba lambar gida yana fasa kira, don kunyar ya kira hannu wofi. Ku ba uwar suna da fushi da dariya, kada ta zama mai kuka da addu'a kawai. Kuma kada ku manta ƙanwar da aka sayo wa silifa. Ita ma tana da nata daren, ko a bakin tasha da farantin talla, ko a gidan wasu a birni inda aka kai ta aikatau tana 'yar shekara goma sha ɗaya.

Labarin yaron nan ya yanke mini. Wasu sun ce yana Faraku ta ƙasar Benin, wasu sun ce an gan shi wajen masu haƙar zinariya. Mahaifiyarsa in mun haɗu takan ce, "Malam, a dai taya mu da addu'a," ni kuma in ce, "Allah Ya bayyana shi, Inna," in wuce da sauri, don ba ta san abin da ke cikin akwatina ba.

Bara na yi ƙarfin hali na ɗauko littafin na shiga aji da shi. Na ɓoye sunan, na karanta musu shafi shidan nan yadda ya rubuta su, da "munka" da "hwara", na tsallake jan birona. Ajin da ba ya shiru ko mai duba makarantu ya shigo, ranar har kukan kurciya ana ji daga waje. Da na kai aya sai gardama ta ɓarke. Wani ya ce ƙarya ne, jarka shida ba ta ɗauruwa haka sai an sa katako. Wani ya ce tana ɗauruwa, yayansa takwas yake ɗauka. Wata yarinya ta ce ita dai wanda ya faɗi take tunani, ko an koma an ɗauko shi. Aka buga ƙararrawar tashi ba wanda ya motsa. Can sai wani ɗan ƙarami a layin baya, wanda tun farkon zango ban taɓa jin muryarsa ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ina na biyu?"

Na ce masa ba a rubuta ba tukuna.